Wa ya kunna wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, kuma don Allah kada wani ya ce mini "ai duk Turawa ne". Wa ke da alhakin ɓarkewar yaƙin 1914? A makaranta cewa aka yi wani yaro ya harbe yariman Ostiriya a Sarayebo, shi ke nan duniya ta kama da wuta. Ni wannan bai taɓa shiga kaina ba. Harsashi biyu, a ce sojoji wajen miliyan 9 sun mutu a kansu? Ni dai Jamus nake zargi. Mai ja ya ja.

Hajiya Mai Atamfa: Wa alaikumus salam. Kai yaron nan, da sassafe? Mutane na neman na koko kai kana neman wanda ya kashe yarima.

Ɗan Fagge: Hajiya ai Kwari ba ta cika ba tukuna, gara mu rage lokaci.

Tsohon Hedimasta: Ɗana, tambayarka ta yi kyau, amma ka yanke hukunci kafin a karanta ƙara. Bari in jero maka yadda abin ya bi.

Ranar 28 ga Yuni 1914, Franz Ferdinand, yarima mai jiran gadon daular Ostiriya da Hangari, ya kai ziyara Sarayebo a Bosniya, ƙasar da daularsu ta haɗe da kanta a 1908 alhali Sabiyawa na ganin tasu ce. Da safe aka jefa wa motarsa bam, ya kuskure, ya raunata na motar baya. Maimakon ya bar gari, sai ya ce zai je asibiti duba su. Direba ya yi kwanar da ba ita ba, aka ce ya tsaya ya ja da baya, ya taka birki daidai gaban Gavrilo Princip, ɗan shekara 19. Ya harbe yariman da matarsa Sophie.

To daga wannan rana zuwa ranar da aka ayyana yaƙi wata guda ne cur. A cikin watan nan ne amsar tambayarka take. 5 da 6 ga Yuli, Sarkin Jamus Wilhelm na 2 da wazirinsa Bethmann Hollweg suka ba Ostiriya wuƙa da nama: ku yi wa Sabiya abin da kuka ga dama, muna bayanku ko da Rasha ta shigo. 23 ga Yuli Ostiriya ta aika wa Sabiya sharuɗɗa 10 da wa'adin awa 48. Ran 28 ta ayyana yaƙi. Ran 30 Rasha ta yi shelar tara rundunarta gaba ɗaya. 1 ga Agusta Jamus ta ayyana yaƙi kan Rasha, ran 3 kan Faransa, ran 4 ta kutsa Beljiyam, a daren nan Ingila ta shigo.

Ɗan Fagge: Baba ai ka gama mini aiki. Wuƙa da nama wa ya bayar? Jamus.

Lauyan Gyaɗi-gyaɗi: Tsaya tukuna ɗan'uwa. Kowa ya tsallake Sabiya kamar ba a yi ta ba. Bindigogi da bama-baman da yaran nan suka riƙe daga Sabiya suka fito. A can aka koya musu harbi, jami'an kan iyakar Sabiya ne suka tsallakar da su, kuma ƙungiyar asirin da ke bayan abin, wadda ake kira Baƙin Hannu, jagoranta shi ne shugaban leƙen asirin sojan ƙasar, Kanar Dimitrijević. Ku ɗauka a yau a ce an kashe magajin sarautar wata babbar ƙasa, aka bi sawu aka iske hafsoshin maƙwabciya a ciki. Wace ƙasa ce za ta yi shiru? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

'Yar Gwale: Yaya Lauya, ban ƙi ta taka ba, amma ka karanta amsar da Sabiya ta bayar ran 25 ga Yuli? Ta amince da kusan komai. Inda ta cije shi ne a bar jami'an Ostiriya su shigo cikin ƙasarta su zauna cikin binciken. Jakadan Ostiriya ya karɓi takardar, ko awa ɗaya bai ƙara ba ya hau jirgin ƙasa ya bar Balgired, babban birnin Sabiya, don kayansa a ɗaure suke tun kafin amsar ta zo. Shi kansa Wilhelm da ya karanta amsar da safiyar 28 ya rubuta cewa babu sauran dalilin yaƙi. Mutumin da ya ɗaure kaya kafin ya ji amsa ba amsa yake jira ba.

Lauyan Gyaɗi-gyaɗi: Ƙanwata, amsar nan lauyoyi ne irinmu suka rubuta ta. "Mun yarda, matuƙar dai…", "za mu yi, idan aka kawo hujja…". Na san irin wannan rubutu, da shi nake cin abinci. Kuma sharaɗin da suka ƙi shi ne kaɗai wanda zai tona asirin hafsoshinsu.

'Yar Gwale: To ai ko da ba a tona ba, Ostiriya ta riga ta yanke shawara. Babban hafsan sojansu, Conrad, shekaru ya yi yana naci a murƙushe Sabiya tun yariman na da rai. Abin mamaki ma, wanda ya fi taka masa birki shi ne yariman da aka kashe. Sun jinkirta wa'adin ne saboda sojojinsu da yawa suna hutun girbi a ƙauye, sai firayim ministan Hangari, Tisza, da ya ƙi yarda da farko, sannan suna jira shugaban Faransa Poincaré ya gama ziyararsa a Rasha ya hau teku, don kada Rasha da Faransa su samu damar haɗa baki a ɗaki ɗaya.

Hajiya Mai Atamfa: Hutun girbi! Ashe su ma manoma ne.

Alaramma na Ƙofar Mata: Assalamu alaikum. Ni ba masanin tarihin Turai ba ne, amma abin da kuke ja a kai malaman fiƙihu sun daɗe da tsefe shi. Sun raba tsakanin wanda ya aikata da hannunsa da wanda ya jawo sanadi. Asali, idan suka haɗu, hukunci kan mai aikatawa yake. Amma a mazhabarmu ta Malikiyya, idan mutum ya riƙe wani domin a kashe shi, alhali ya san kisan ake nufi, to da mai riƙewa da mai yankawa duk ana yi musu ƙisasi. A yadda Hedimasta ya kawo labarin, Ostiriya ce ta ɗauko wuƙa, Jamus kuma ta ce yanka, ni zan tare maka duk mai zuwa ceto. Sai ku auna.

Ɗan Fagge: Allah ya gafarta Malam, ka raba gardama.

Lauyan Gyaɗi-gyaɗi: Allah ya gafarta Malam, ƙa'idar ta zauna, amma a kan kisan Sabiya kaɗai. Ƙarar da Ɗan Fagge ya shigar ta yaƙin duniya ce. Ostiriya da Sabiya za su iya dakuwa su biyu a gama, kamar yadda aka yi yaƙe-yaƙen Balkan a 1912 da 1913 manyan ƙasashe ba su shiga ba. Wa ya mayar da shi na kowa da kowa? Rasha. Babu wata yarjejeniya a rubuce da ta wajabta wa Rasha kare Sabiya. Tun wajen 25 da 26 ga Yuli ta fara shiri a ɓoye, kuma ita ce babbar ƙasa ta farko da ta yi shelar tara runduna gaba ɗaya. Daren 29 Sarkin Rasha Nicholas ya soke umarnin bayan ya sami wayar tangaraho daga Wilhelm. Washegari ministan harkokin wajensa Sazonov ya zauna a kansa har ya sake sa hannu, sannan ya kira babban hafsan soja ya ce masa yanzu yana iya fasa wayarsa, wato kada sarki ya sake canza ra'ayi a same shi. Wannan masu neman sulhu ne?

Kawu Tsohon Soja: Lauya ka taɓo inda nake jira. Ku farar hula kuna ɗauka tara runduna da yaƙi abu ɗaya ne. A Rasha ba ɗaya ba ne. Ƙasa ce mai faɗi, dogon jirginta kaɗan, tana buƙatar makonni kafin soja ya iso bakin iyaka, kuma zai iya isowa ya zauna bai harba ko ɗaya ba. Faransa ma haka, har ta ja sojojinta baya kilomita 10 daga iyaka don kada a ce ita ta fara. Ƙasa ɗaya ce tak wadda tara rundunarta yake nufin ƙetare iyakar wani nan take, ita ce Jamus. Tsarin da tsohon babban hafsansu Schlieffen ya bar musu shi ne: idan rikici ya tashi da Rasha, a fara bi ta Beljiyam a gama da Faransa cikin kamar mako 6, sannan a juyo gabas da jiragen ƙasa kafin Rasha ta kammala shiri. Wato rigima a Balkan, amma bugun farko a Beljiyam, wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Ran 1 ga Agusta wani saƙo ya zo daga Landan da ya sa Wilhelm ya zaci Ingila da Faransa za su kame. Murna ta kama shi, ya ce wa babban hafsansa Moltke to a juya runduna duka gabas. Moltke ya ce ba zai yiwu ba, jadawalin jirage ya riga ya tsaru, in aka taɓa shi tarin mutane masu bindiga ba abinci za a samu, ba runduna ba. Sarki da kansa ya nemi a sauya hanya, soja ya ce babu hanya sai ɗaya. Wanda ya tsara wa ƙasarsa ƙofa ɗaya tak ba zai zo daga baya ya ce tilas aka yi masa ba.

Lauyan Gyaɗi-gyaɗi: Kawu, ranka ya daɗe, ka sa kanka a matsayinsu mana. Faransa a yamma tana cizon yatsa kan yankunan Alsas da Loren da Jamus ta ƙwace mata tun 1871, Rasha a gabas tana shimfiɗa dogo da kuɗin bankunan Faransa, ga babban shirin ƙara sojoji da ta fara wanda zai kammala a 1917. Duk hafsan da ke Balin, babban birnin Jamus, lissafinsa ɗaya: bana da sauƙi, baɗi da wuya.

Kawu Tsohon Soja: Ai kai ka kawo hujjar da za a ɗaure wanda kake karewa. "Gara yanzu da gobe" maganar wanda ya zaɓi yaƙi ce.

Ɗan Kurmi: Ni fa ina ganin duk kuna wahalar da kanku. Ƙawance ne ya ja su. Jamus da Ostiriya tun 1879, Italiya ta shiga 1882. Faransa da Rasha 1894, Ingila ta shirya da Faransa 1904, da Rasha 1907. An ɗaure kowa da igiya ɗaya, ɗaya ya faɗa rami sauran suka bi. Babu mai laifi, tsari ne ya lalace.

Tsohon Hedimasta: Wannan ita ce amsar da na fi ƙi, ɗana, duk da na san ita ke cikin littattafan sakandare, ni ma na koyar da ita. Italiya fa? Tana cikin ƙawancen Jamus da Ostiriya shekara 32, amma da aka fara sai ta ce yarjejeniyarmu ta kare kai ce, ku kuwa ku kuka kai hari, ba ruwana. A 1915 ma ta koma ɗaya ɓangaren. Ita Jamus, takardar 1879 ba ta ce ta goyi bayan Ostiriya ta mamaye Sabiya ba. A 1912 da 1913 Balin ta ja wa Biyana, babban birnin Ostiriya, linzami, aka zauna lafiya. A 1914 ta sake shi. Ƙawancen nan dai shi ne a 1905 da 1911 lokacin rikicin Maroko, shi ne a 1908 lokacin Bosniya, ba a yi yaƙi ba. Mutane ne suka zauna a ɗaki suka zaɓa, kuma ba su da yawa. In ka tara waɗanda suka sa hannu a manyan biranen ƙasashen nan biyar, aji ɗaya zai ɗauke su.

Ɗan Kurmi: Baba na ji, amma ka yarda ba don ƙawancen ba da bai kai haka girma ba.

Tsohon Hedimasta: Girma, na yarda. Tashi, ban yarda ba.

Hajiya Mai Atamfa: Ni tambayata ɗaya. An ce sarakunan nan 'yan'uwa ne. Babu babba a dangin da zai tsawatar?

'Yar Gwale: Hajiya, Wilhelm da Sarkin Ingila George na 5 jikokin Sarauniya Victoria ne su biyu. George da Nicholas kuma iyayensu mata ya da ƙanwa ne. Wilhelm da Nicholas har ranakun ƙarshe suna aika wa juna tangaraho da Turanci, suna sa hannu da sunan wasa, Willy da Nicky. Kowa na roƙon ɗan'uwansa ya tsayar da nasa sojan, babu wanda ya tsayar da nasa.

Hajiya Mai Atamfa: Allah ya kyauta. Zumuncin sarauta ke nan.

Ɗan Kurmi: Ingila fa kun bar ta ta fita fes. Da ministan harkokin wajenta Edward Grey ya fito tun farkon rikicin ya ce wa Jamus in kun taɓa Faransa da mu za ku yi, wataƙila da Balin ta ja baya. Sai ya yi ta nuƙu-nuƙu. Sannan su zo suna kukan an keta yarjejeniyar 1839 ta tsaka-tsakin Beljiyam. Su da suka fasa ganuwar Kano a 1903, shekara 11 kacal kafin nan, da izinin wa suka shigo? Beljiyam ɗin ma da ake wa kuka ita ce mai Kwango.

Tsohon Hedimasta: Munafuncin mulkin mallaka ba mai musa maka shi a zauren nan. Amma Grey ba sarki ba ne, majalisar ministocinsa a rabe take, mafi yawansu ba sa son yaƙi sai da maganar Beljiyam ta taso, kuma duk da haka biyu suka ajiye aiki. Ba zai yi alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba. Ya nemi a yi taron sulhu na ƙasashe huɗu, Jamus ta ƙi. Ran 29 ga Yuli ya gaya wa jakadan Jamus a fili cewa Ingila ba za ta tsaya kallo ba. Bethmann ya tsorata ya fara roƙon Biyana ta sassauta, sai ga Moltke ta bayan fage yana aika wa Conrad cewa ya tara runduna kan Rasha, Jamus na tafe. Har ministan harkokin wajen Ostiriya, Berchtold, ya tambaya wai shin wa ke mulki a Balin, Moltke ko Bethmann?

Kawu Tsohon Soja: Tunda Ɗan Kurmi ya kawo mu gida, bari in ƙara. A watan Janairun 1914 Lugga ya haɗe Arewa da Kudu, a shekarar da ƙasar Kano ke fama da yunwa mai tsanani. Watan Agusta bai ƙare ba sojan Najeriya suka tsallaka Kamaru, wadda take hannun Jamus. A Garwa karon farko kashi suka sha, sai a Yunin 1915 garin ya faɗi. A dutsen Mora kuwa wani kyaftin Bajamushe da sojojinsa baƙaƙe suka ƙi sauka har Fabrairun 1916. Daga nan aka kwashi namu zuwa Gabashin Afirka. A gidanmu ana ba da labarin wani kakanmu da aka ɗauka ɗan dako, akwatin harsashi a ka, ya dawo ƙafa duk gyambo, har ya rasu bai san sunan yariman da aka kashe ba. Sarakunan Arewa kuma, har da na Kano a zamanin Sarki Abbas, an karɓi gudummawar yaƙi daga baitulmalinsu. Mubi da Gwoza da Gembu da kuke gani a taswirarmu yau, daga rabon ganimar yaƙin nan suka biyo, har ƙuri'ar 1961 ta tabbatar da su.

'Yar Gwale: Kawu, har da wani zare da ya ratsa ta kusa da mu. A 1911 Italiya ta afka wa Turabulus, inda fataken Kano suka daɗe suna kai fata da gashin jimina. Da ƙananan ƙasashen Balkan suka ga Daular Usmaniyya ta kasa kare Libiya, sai suka taru suka far mata a 1912. Sabiya ta fito daga yaƙe-yaƙen nan ƙasarta ta kusa ninkawa, abin da ya hana Biyana barci ke nan. Don haka Italiyar da Baba ya yaba ita ma da hannunta a ciki.

Tsohon Hedimasta: Ban yabe ta ba 'yata, shaida na kira ta.

Ɗan Fagge: To ai an riga an yanke hukuncin nan tun 1919. Yarjejeniyar Basai da aka ƙulla bayan yaƙin ta ce Jamus ce.

Lauyan Gyaɗi-gyaɗi: Wa ya zauna alƙali? Waɗanda suka ci yaƙin. Jamus ba a ba ta kujera a tattaunawar ba, takarda aka miƙa mata. Sashe na 231 ma in ka karanta, an rubuta shi ne don a kafa dalilin biyan diyya, ya ce Jamus da ƙawayenta ke da alhakin ɓarnar yaƙin da suka ɗora wa wasu ta hanyar kai hari, kuma an sa irinsa a takardun Ostiriya da Hangari. A 1921 aka yanka musu diyyar mak biliyan 132 na zinariya, wato kuɗin Jamus. Hukuncin da mai ƙara ya rubuta da hannunsa ba na kafa hujja da shi.

'Yar Gwale: Gaskiya ne Yaya, kuma Jamusawa sun yi amfani da wannan sosai. Ma'aikatar harkokin wajensu ta buɗe sashe na musamman don wanke kansu, ta buga takardun diflomasiyya mujalladi 40, an tace abin da aka ga dama. Har aka wayi gari yawancin masana sun koma cewa kowa zamewa ya yi ya faɗa. Wanda ya tayar da ƙurar kuma ba Bafaranshe ba ne, Bajamushe ne, Fritz Fischer na Jami'ar Hambag, a 1961. Ya shiga ma'ajiyar takardun ƙasarsa ya fito da shaidar cewa shugabannin Balin sun san haɗarin kuma suka rungume shi, har da jerin yankunan da Bethmann ya so a ƙwace, wanda aka rubuta a Satumbar 1914. 'Yan'uwansa malamai suka yi masa ca. A 2012 kuma masanin tarihi Christopher Clark ya sake karkato da hasken kan Sabiya da Rasha da Faransa, kusan irin layin da kake kai.

Lauyan Gyaɗi-gyaɗi: Jerin Satumba bayan an fara yaƙi aka rubuta shi. Ba a kafa niyyar Yuli da takardar Satumba.

Tsohon Hedimasta: Nan kam Lauya ya yi daidai, shi ya sa ban dogara da ita ba. Ni matsayina ga shi. Biyana ta so yaƙi da Sabiya ido rufe, ita ce ta farko. Balin ta san Rasha na iya shigowa ta ce a je a haka, ta toshe hanyoyin sulhu a ranakun da suke da amfani, kuma ita ta ayyana yaƙi kan manyan ƙasashe biyu ta keta Beljiyam. Kason su biyun ya fi na kowa nesa ba kusa ba. Rasha na biye, don gaggawar ran 30 ta rufe ƙofar da ta rage, Faransa kuma ba ta ja ta baya ba. Hafsoshin Sabiya su suka ba da dalili. Ingila laifinta na jinkiri ne.

Lauyan Gyaɗi-gyaɗi: Baba, in ka matso da Rasha ta yi kafaɗa da Jamus, sai mu sa hannu tare.

Kawu Tsohon Soja: Ba za ta matso ba. Rasha ta tara soja a cikin gidanta, Jamus ta kai nata gidan maƙwabci.

Alaramma na Ƙofar Mata: Shi yaron da ya yi harbin, me aka yi masa?

'Yar Gwale: Allah ya gafarta Malam, dokar Ostiriya ba ta yanke hukuncin kisa ga wanda bai cika 20 ba, shi kuma saura 'yan makonni ya cika. Shekara 20 aka ba shi. Tarin fuka ya kashe shi a kurkuku a watan Afrilun 1918, yaƙin bai ma ƙare ba. Shi kuwa Kanar Dimitrijević gwamnatin Sabiya ce da kanta ta harbe shi a 1917, kan wata tuhuma daban.

Lauyan Gyaɗi-gyaɗi: Kawu ban gama da kai ba fa. Ina da zama a kotu ƙarfe 11, in na fito zan kawo maka abin da jakadan Faransa ya riƙa gaya wa Sazonov a makon nan na ƙarshe.